Sanyin Asuba da Zamanin Kafireta a Kudancin Kano

Wanda ya san tashoshin motar kudancin Kano a shekarun 1980 da 1990 ba ya bukatar a kwatanta masa yadda gari ke wayewa a cikinsu tsakanin Disamba da Janairu. Da an sallame sallar asuba, daga Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ke rabuwa da ta Zariya, har Tudun Wadar Dankadai da Riruwai, sai a ji kik yana ja da ƙyar, injin Fijo ya yi tari sau biyu ya yi shiru, direba ya leƙo ta taga yana cewa, "Jama'a, don Allah a taimaka a ɗan tura." 'Yan kamasho su ajiye kofin shayi, fasinja su tattare riguna, yaron mota ya janye dutsen da aka tokare taya da shi, a sa giya ta biyu, a saki kuloci. Direban da ya san halin motarsa kuwa tun da dare ya ajiye ta a gangare, hancinta na kallon ƙasa. Yau wannan ya ragu ƙwarai. Golf da Sharon da Hiace ɗin da ke lodi a wuraren nan, murɗa makulli ɗaya suke tashi ko da hazo ya rufe gari. Sauyin alheri ne, ba ni kuma da niyyar rage masa daraja. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, sanyin nan da ake ta zagi yana yi wa mai mota wani aiki kyauta: kowace safiya yana duba masa lafiyar inji, yana kuma tilasta wa direba da bakanike koyon bin matsala daki-daki. Da injekta ta zo ta ɗauke wahalar, sai ta haɗa har da binciken, kuma har yanzu ba mu sa komai a gurbinsa ba.

Kafin a yarda ko a musa, sai an san abin da ke faruwa a cikin injin da ya kwana a sanyi. Fetur ba ya kamawa a cikin silinda yana ruwansa, tururinsa ne ke kamawa idan ya gauraya da iska. Aikin kafireta bai wuce wannan gaurayawar ba. Fistin na sauka yana zuƙo iska, iskar ta bi ta wani matsattsen maƙogwaro, saurinta ya ƙaru, ta tsotso fetur daga ɗan kwanon da ke gefe ta wasu ƙananan ƙofofi da kanikawa ke kira jet. Idan inji ya yi zafi, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi, shi ne daidai. Da asuba kuwa ƙarfen manifol ya yi sanyi ƙalau, kik ɗin ma a hankali yake juya inji, don haka iskar ba ta da ƙarfin tarwatsa man. Wani kaso ya manne a bangon manifol, abin da ya isa bakin fulogi bai kai ya kama ba. Maganin da masu ƙera mota suka yi wa wannan shi ne cok, wani faifai da ke toshe bakin kafireta, iska ta ragu, mai ya yawaita, har a sami tururin da zai isa. Wasu motocin da hannu ake jawo shi daga gaban direba, wasu kuma da kansa yake rufewa, ya riƙa buɗewa yayin da inji ke ɗumama. To, a nan ne tambayar take. Sanyinmu nawa ne? A birnin Kano, daren Janairu kan sauko zuwa digiri 13 ko makamancin haka, a shekarar da hunturu ya tsananta ya taɓa 10 ko ƙasa kaɗan. Yankin Doguwa ya fi haka sanyi, domin duwatsun Riruwai sun haura mita 1,000 alhali birnin Kano bai kai 500 ba. Amma Fijo 504 motar Faransa ce, a Sochaux aka fara ƙera ta a 1968, garin da ƙanƙara ke sauka, Volkswagen kuma daga Jamus ta fito. Injin da aka yi don ya tashi cikin dusar ƙanƙara ba shi da uzurin ƙin tashi a Yaryasa ko Kafin Maiyaki saboda digiri 10. Idan ya ƙi, to da wata a ƙasa, sanyi tona ta kawai ya yi.

Yadda yake tonawar abin a tsaya a duba ne, domin ba abu ɗaya yake taɓawa ba, ko'ina ɗan kaɗan yake gutsura. Batir aikinsa na sinadari ne, sanyi na rage masa kuzari. Sabon batir ba ya ko jin wannan, amma wanda ya shekara biyu ko uku yana shan zafin bazara, ruwansa ya ƙafe ba a ƙara ba, kawunansa sun yi farin gishiri, shi ne ke durƙushewa. Baƙin mai yana yin kauri, musamman mai nauyin nan da ake zuba wa tsofaffin injuna don ya rage hayaƙi, wanda kuma sau da yawa ya wuce lokacin juye. Saboda haka a daidai lokacin da batir ya fi rauni, a lokacin ne kik ya fi bukatar ƙarfi. Kik ɗin kuma idan ya ja wuta da yawa sai ya bar wa koyil ragowa, tartsatsin fulogi ya fito ja-ja maimakon shuɗi, balle idan kwantak ya cinye, ko tazarar bakinsa, wadda ba ta wuce milimita 0.4 ba a yawancin motocin, ta goce. Daga nan sai matsin silinda: ringin da ya lalace da bawul ɗin da ba ya rufewa ruf suna sakin iska, kuma sun fi saki idan ƙarfe ya yi sanyi, inji na juyawa a hankali. Ƙurar hunturu ta ƙara nata, ta toshe matatar iska, ta ratsa cikin kwanon kafireta ta zauna a jet ɗin silo, wanda ƙofarsa ba ta fi bakin allura ba. A watan Afrilu duk waɗannan lahani suna nan, zafi ne ke rufa musu asiri, domin fetur na tururi da kansa, mai ya tsinke, batir na cikin hayyacinsa. A damina kuwa wata cutar ce daban: raɓa da danshi su shiga murfin distiributa da wayoyin fulogi, wuta ta ɓace a hanya. Bakaniken ƙwarai a bakin Tiga ya san cewa motar da ta ƙi tashi a Agusta da wadda ta ƙi a Janairu ba wuri ɗaya ake fara duba su ba.

Daga wannan maimaicin na kowace shekara ne aka sami wani tsarin bincike da ba a rubuta a littafi ba, amma aka gada daga oga zuwa yaro a gindin bishiya. Da kunne ake farawa. Oga zai ce wa direba, "Malam, murɗa mu ji." Idan ƙas-ƙas kawai aka ji, ko inji ya juya da nauyi fitilun gaban direba suka dushe, magana ta ƙare a batir da kawunansa da kik, ba a ko kallon kafireta. Idan yana juyawa da sauri amma bai kama ba, sai a nemi wuta: a zare babbar wayar koyil, a kusanto da bakinta jikin inji, a sake murɗawa, a ga ko tartsatsi na tsalle, da kuma launinsa. Sai an tabbatar da wuta ake komawa kan mai. A cire murfin matatar iska, a leƙa maƙogwaro, a ja totur da hannu a ga ko fetur na fesowa. In bai feso ba, kwano ya bushe ke nan, ko man ya ƙafe saboda zafin injin jiya, ko ya koma tanki saboda famfon mai ya saki. In kuwa wari ya cika wuri, fulogi ya fito jiƙe sharkaf, to mai ne ya yi yawa, kuma maganinsa ya saɓa wa abin da zuciyar direba ke raya masa: a daina famfa totur, a take shi har ƙasa a riƙe, a murɗa, iska ta wanke silinda. Akwai kuma gwajin cokali guda na fetur da ake zubawa a bakin kafireta. Idan inji ya kama na ɗan lokaci ya mutu, an wanke wuta daga zargi, laifin na hanyar mai ne. Gwaji ne mai kaifi, kuma mai haɗari, domin inji kan yi atishawa ta baya wuta ta tashi, ya kuma ƙone girar yaran gareji da yawa. Shi kansa turin mota gwaji ne ga mai lura: motar da ta ƙi makulli amma ta kama da an tura ta taku goma ta riga ta faɗi cewa mai da wuta da matsi duk lafiya, batir ne ko kik. Abin da ya ba wannan tsari daraja shi ne jerinsa. Kowane mataki yana kore rabin abin da ake zargi, ana fara da mai arha kafin mai tsada, kuma ba a kwance komai sai an sami shaida a kansa.

Mai musu zai ce wannan ado ne ake yi wa zamanin da bai cancanta ba, kuma yana da abin kamawa. Ba kowane mai riƙe da sifana ne ke bin wannan tsari ba. Da yawa, da mota ta ƙi tashi, hannunsu kan sukurorin kafireta yake fara sauka, su murɗa na silo, su murɗa na iska, motar ta tashi da rana bayan gari ya ɗumama, a ce an gyara, gobe da asuba a koma gidan jiya. Cok mai aiki da kansa ya sha wahala a hannunsu. Golf 2, wadda Jamus ta ƙera daga 1983 zuwa 1992 kuma ta cika hanyoyinmu daga baya, da yawanta da kafiretar Pierburg ta zo, mai tarin siraran robobin iska da cok ɗin da ke aiki da zafin ruwan inji. Abin da ba a fahimta ba sai a toshe shi da ƙusa ko a ɗaure da waya, faifan cok ya zauna a buɗe har abada, wani lokaci a cire shi ɗungurungum. Haka aka yi wa tamostat, ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zagayawa lagireto sai inji ya kai kimanin digiri 80. An yanke masa hukuncin cewa na ƙasar Turawa ne, aka riƙa cire shi ana jefarwa, sai inji ya daɗe bai ɗumama ba, yana ta mutuwa a kowace kwana har a wuce Burji. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan aka duba da kyau, ba ya rushe maganata. Motar da aka cire wa cok a bazara, hunturu ne ke kai ƙarar wanda ya cire. Direbobi kuwa ba sa mantuwa. A ƙaramin gari inda gareji bai fi uku ba, shekara biyu ta isa a san wanda motocinsa ke tashi da asuba da wanda nasa sai an tara jama'a, kuma ciniki can yake komawa. Sanyin da ke gwada inji, shi ne kuma yake tace kanikawa.

Har mai sayar da mai bai tsira ba. A ƙasashen sanyi ana sauya haɗin fetur da lokaci, na hunturu ya fi saurin tururi. Mu namu iri ɗaya ne shekara duka, wanda ba laifi ba ne idan tsantsarsa ne. Amma a shekarun ƙarancin mai na 1990, lokacin da layi ke kwana a gidajen mai, kuma garuruwan da ke nesa da birni suka dogara ga 'yan bumburutu, kananzir ya fi fetur arha, gauraya su kuwa riba ce. Kananzir ba ya tururi a sanyi. Injin da ya yi zafi zai ƙone cakuɗen, yana ƙara yana hayaƙi, amma da asuba ko an ja cok har ƙarshe ba zai kama ba. Direban da ya sayi galan a bakin hanya da magariba, kafin hantsi ya san abin da aka sayar masa, ya kuma san wanda ya sayar. Yau kananzir ya fi fetur tsada, wannan ha'incin ya mutu da kansa, ko da yake man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 mai yawan sinadarin metanol ya nuna cewa gurɓataccen mai bai bar ƙasar ba, hanyar shigowarsa ce ta sauya.

Barin kafireta ba shawararmu ba ce, kuma wannan na da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, shekara guda bayan kammala madatsar Tiga da aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako, kuma 404 da 504, salun da wagon da a-kori-kura, su suka yi dakon mutane da buhunan masara da shinkafar wannan yanki shekara da shekaru. Da tsarin SAP na 1986 ya karya Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi balle direban haya, sai aka koma ga na hannu daga Turai, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam. Daga ranar, abin da Turai ta yanke wa motocinta shi muke samu bayan shekara goma ko sha biyar. Turai kuwa ta kawo dokar hayaƙi ta Euro 1 a 1992, wadda ta wajabta na'urar tace hayaƙi a salansa, na'urar da ba ta jure gaurayen da ba a auna shi daidai ba. Kafireta ba ta iya wannan awo, don haka ta fita daga sababbin motocin Turai, kamar yadda ta riga ta fita daga na Amurka a farkon shekarun 1990. A Kaduna an ci gaba da ƙera 504 har 2006, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta. Wato mun zauna da kafireta tsawon lokacin da ya isa a ƙware a kanta, sannan injekta ta shigo a jikin tsofaffin motoci, ba littafi, ba kayan awo, ba wanda ya kira kanikawan Kiru ko Bebeji ya ce ga yadda take aiki.

Kuma tana aiki, wannan ba abin ja ba ne. Na'urar jin zafin ruwa ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji na da sanyi, ƙwaƙwalwar ta tsawaita buɗewar nozul, famfon lantarki da ke cikin tanki ya turo mai da matsi, ya fita a tarwatse kamar feshi ko da kik na juyawa a hankali. Ba cok, ba famfa totur, ba kwantak da zai cinye. Hawan tudu ma ta san da shi: iska na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace mita 100 da aka hau, abin da ke sa kafiretar da aka saita a Kano ta ɗan yi wa inji yawan mai a Riruwai, ita kuwa injekta tana gyara awonta tana tafe. Matsalar ita ce wannan iya gyaran nata shi ne ke ɓoye cuta. Fulogin da ya tsufa, matsin da ya ragu, famfon da ya fara gajiya, duk tana rufe su, mota na tashi kullum lafiya lau, mai ita na ganin ba abin da ya same ta. Tsohuwar 504 takan yi makonni tana ƙorafi da asuba kafin ta kwanta, kuma a tasha take ƙorafin, inda akwai masu turi da bakanike. Ta yanzu ba ta cika gargaɗi ba, ranar da famfo ko na'urar jin juyin inji ta mutu sai ta ɗauke a inda take. Wanda ya san hanyar da ta ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka, da abin da dajin ya yi suna da shi a shekarun satar shanu da garkuwa da mutane, ya san bambancin mota ta ƙi tashi a Tudun Wada da ta mutu a tsakiyar daji da la'asar sakaliya. Turin ma bai cika amfani ba: mai giyar otomatik ba ta turuwa, kuma ko mai giyar hannu ce, idan batir ya mutu murus, famfo da ƙwaƙwalwa ba su da abin da za su farka da shi.

Za a ce ai ga na'urar bincike, a soka ta a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi komai, me za a yi da kunnen tsoho? Gaskiya ne tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci wannan soket ɗin bai-ɗaya, Turai ta bi a 2001 ga masu fetur, kuma yau akwai ƙaramar na'ura mai arha da ke haɗuwa da wayar hannu. Amma na'urar ba ta faɗin abin da ya lalace, inda ƙwaƙwalwa ta ga saɓani take nunawa. Idan ta ce gauraye ya yi ƙarancin mai, ba ta ce famfo ne ko nozul ko tsagaggiyar robar iska ba. Idan ta ambaci wata na'urar ji, mai yiwuwa na'urar lafiyarta ƙalau, ɓera ne ya ci waya. Yawancin abin da ke hana mota tashi ma, kamar kan batir da ya saki ko matsin mai da ya ragu, ba sa barin wata lamba a tsofaffin motocin da muke hawa. Wanda bai da tsarin bincike a kansa, ko an ba shi na'urar, sai ya koma canke: a sayo wannan a gwada, bai yi ba, a sayo wancan. A zamanin kafireta kuskuren canke kuɗin kwantak ne da kwandensa. Yanzu kowane canke dubban Naira ne, da tafiyar yini zuwa Kofar Ruwa a birni, kuma ba a karɓar kayan lantarki idan an mayar. Tsofaffin munanan ɗabi'u kuma sun biyo mu, sun ma fi cutarwa. Har gobe ana cire tamostat, ana haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga murɗa makulli. A motar injekta ma'anar wannan ita ce inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ƙara mai, wato kamar a yi tafiya da cok a jawo rabi, ba wanda ya sani domin motar ba ta ƙorafi. Lokacin da lita ba ta kai Naira 200 ba ana iya kawar da kai. Bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, da lita ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, wannan ɓarna daga cikin cinikin yini take fita, direba na ɗora laifin kan mota.

Wasu sun ga haka sai suka yanke cewa a koma baya, kuma ana yi: a cire injekta daga Golf ko tsohuwar Marsandi, a ɗaura mata kafireta, a ce an huta. Na fahimci dalilin. Mutumin da ke jigila tsakanin Dadin Kowa da ƙauyukan bayan dutse ya fi son abin da in ya tsaya za a busa masa jet da baki ya ci gaba da tafiya. Amma cinikin faɗuwa ne. Kafiretar da ake ɗaurawa ta wata motar ce, ba a auna jet ɗinta da wannan injin ba, galibi ba ta da cok mai aiki, kuma ita kanta ta tsufa, sandar totur ɗinta ta yi lako-lako tana shan iska ta gefe. Mai motar ya dawo wa kansa da wahalar asuba, ya ƙara shan mai, ya karya darajar motarsa ranar sayarwa. Abin da wannan juyin ke nunawa a zahiri shi ne bakanike bai da agogon auna matsin mai, bai da mitar auna wuta, ba a kuma taɓa nuna masa cewa tambayoyin da ya gada suna nan daram a sabon inji ba. Yana juyawa? Akwai wuta? Mai na zuwa, kuma daidai gwargwado? Matsi fa? Waɗannan huɗun ba su sauya ba tun daga 404 har Corolla, wurin da ake sa hannu a sami amsar ne ya sauya. Tsohon da ya iya bin su da kunne da hanci ya fi kusa da ƙwarewa a injekta fiye da yaron da ya iya karanta lamba a waya kawai, in dai an ba shi kayan awo na 'yan dubbai da horon 'yan makonni. Wannan aiki ne da ƙungiyar kanikawa ta NATA da makarantu irin Kwalejin Fasaha ta Bagauda, wadda ke cikin yankin, za su iya ɗauka, da sharaɗin a kai horon inda garejin yake, a kuma yi shi da Hausa.

Kafireta kuma ba ta bar kudancin Kano ba, daga mota kawai ta sauka. Tana jikin kowane babur Bajaj da Jincheng da ke kai mutane ƙauyukan da mota ba ta shiga, tana jikin A Daidaita Sahu, da janaretan mai cajin waya, da injin ban ruwa na manoman rani a bakin Tiga da Bagauda da fadamun Kiru. Noman rani kuwa da hunturu tare suke zuwa, don haka manomin da ke jan igiyar inji da sanyin safiya, yana rufe cok yana buɗewa, yana zare fulogi ya duba launinsa ya goge da tsumma, yana yin karatun da direban 504 ya yi, kuma yaran da ke koyon gyaran babur a bakin kasuwa su ne ɗalibai na ƙarshe da sanyi ke koyarwa kai tsaye. Wa'adinsu ma a ƙirge yake. Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, ta fara aiki da dokar hayaƙi ta BS6 a Afrilun 2020, kuma yawancin baburan da ake sayarwa a cikinta sun koma injekta. Waɗanda ake turo mana har yanzu masu kafireta ne saboda arha da sauƙin gyara, amma haka PAN ta riƙe 504 har ranar da ta saki. Babura da injinan ban ruwa sun ninka motocin yankin sau da yawa, masu gyaransu ma haka, kuma mafi yawansu a ƙauyukan da ba wanda ya taɓa riƙe mitar auna wuta suke.